Jibiya da Kujerar Majalisar Jiha: Me Ya Sa Ƙuri'a Ba Ta Bin Fushi?

Idan ana neman mazaɓar da ke da dalilin juya wa jam'iyya mai mulki baya a Jihar Katsina, da wuya a wuce Jibiya. Gari ne da abincinsa ke rataye a kan iyaka: daga Magama an taka ƙasar Nijar, gaba kaɗan ga Ɗan Isa, sai Maraɗi. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan jihar, ta rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, garin Jibiya ya koma hannun 'yan bumburutu. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disamban 2020, Illela da Maigatari sun samu, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Duk da haka, da aka zo zaɓen 2023, kujerar Jibiya a Majalisar Dokokin Jiha ta zauna a hannun APC, inda take tun 2015. Masu kallo daga nesa sukan ce talauci ne, ko mantuwa. A ganina lissafi ne: mutanen Jibiya sun san abin da wannan kujera ke iya yi da abin da ya fi ƙarfinta, kuma da wannan sanin suke dangwala ƙuri'a.

Majalisar Katsina tana da kujeru 34, daidai da yawan ƙananan hukumomin jihar, Jibiya na da guda. A Majalisar Wakilai ta Tarayya kuma an haɗa ta da Kaita. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, tsarin mulkin 1999 ya ware kwastam, shige da fice, soja da 'yan sanda a matsayin hurumin gwamnatin tarayya ita kaɗai. Wato duk abin da ke hana Jibiya barci, daga shingayen bincike da suka yi wa hanyar Katsina zuwa Jibiya katutu, zuwa kamen buhun shinkafa, zuwa inda za a ajiye sojoji ko a janye su, babu ɗaya da ɗan majalisar jiha zai iya yi wa doka. A watan Agustan 2021 motar jami'an kwastam ta afka wa jama'a a cikin garin Jibiya, rayuka suka salwanta. Abin da ke hannun wakilin mazaɓar a irin wannan rana bai wuce ya miƙe a zauren majalisa ya gabatar da ƙudiri, ya yi magana da 'yan jarida, ya kai kuka gidan gwamnati ba. Mustapha Yusuf, mai wakiltar mazaɓar a 'yan shekarun nan, an sha jin muryarsa a kan matsalolin iyaka da tsaro, amma makullin ƙofar Magama a Abuja yake.

To mene ne a hannunsa? Saka aikin hanya ko gyaran asibiti a kasafin kuɗi, nemo wa matasa gurbin aikin koyarwa, tsaya wa ƙauye a rabon taki, tabbatar da kayan agaji sun iso idan masifa ta auku, kamar ambaliyar watan Yulin 2018 da ta ci rayuka sama da 40 a Jibiya. Duk waɗannan ta hannun gwamna suke bi. Ɗan majalisar adawa a zauren da kusan kowa ɗan jam'iyyar gwamna ne, baki kawai yake da shi. Saboda haka tambayar da mai ƙuri'a a Gurbin Ɓaure ko Bugaje ke yi wa kansa ranar zaɓen majalisar jiha ita ce: wa zai iya shiga gidan gwamnati ya fito da wani abu? Jadawalin zaɓe ma yana taimaka wa wannan lissafi. Ana fara zaɓen shugaban ƙasa da na majalisun tarayya, sai bayan makonni a yi na gwamna da majalisar jiha a rana ɗaya. Kafin ranar, kowa ya ga inda iska ta kaɗa.

Tarihin jihar ya nuna cewa raba ƙuri'a tsakanin sama da ƙasa tsohuwar ɗabi'a ce. Tun Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, a 1979, an zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna amma NPN ta kwashe rinjaye a majalisa, har ta tsige shi a 1981. Darasin da 'yan siyasar yankin suka ɗauka daga wannan rikici shi ne kada gwamna ya yarda majalisa ta kuɓuce masa. Daga 1999 zuwa 2015 PDP ce ke riƙe da gidan gwamnati da majalisa, a zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa da Ibrahim Shema. A 2011 Buhari ya lashe ƙuri'ar shugaban ƙasa a Katsina ƙarƙashin CPC, amma Shema ya koma kujerarsa. Da guguwar “sak” ta taso a 2015, sai komai ya koma APC lokaci guda, Aminu Bello Masari ya hau. Kujerar tarayya ta Jibiya da Kaita ta ba da misali mai kyau: Sada Soli ya je Majalisar Wakilai a 2007 da tutar PDP, ya sake komawa a 2019 da tutar APC. Mutum ɗaya, jam'iyyu biyu, kuma kowane karo jam'iyyar da ke mulkin jiha ce.

Alƙaluman 2023 su ne hujja mafi ƙarfi. A 2019 Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 1.2 a jihar. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, Atiku Abubakar na PDP ya samu 489,045, Bola Tinubu na APC ya samu 482,283. Jihar shugaban ƙasa mai ci ta kuɓuce wa jam'iyyarsa. Makonni uku bayan nan, ranar 18 ga Maris, Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya doke Yakubu Lado da tazarar ƙuri'a sama da 370,000. Waɗannan alƙaluman na jihar ne gaba ɗaya, amma sun nuna abin da ake faɗa: fushin da ake yi da Abuja, Abuja ake aika wa, kujerun gida kuma lissafinsu daban.

Akwai masu cewa duk wannan ƙawata magana ce, gaskiyar ita ce taliya da sabulu da atamfa. Babu mai musun ana raba kaya da kuɗi a daren zaɓe, a Jibiya da ko'ina. Sai dai jam'iyyu biyun duka suna rabo, kuma in da rabo ne kaɗai ke yanke hukunci, da jam'iyyar da ke riƙe da baitulmalin jiha da na tarayya ba ta faɗi a watan Fabrairu ba. Wasu kuma suna cewa ƙaunar Buhari ce ta riƙe mazaɓar. Wannan ya yi bayanin 2015 da 2019, bai yi bayanin shekarun da ake zaɓen Buhari a sama ana barin PDP a ƙasa ba, bai kuma yi na 2023 ba, lokacin da sunansa ba ya kan takardar ƙuri'a.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba za a iya ture ta gefe ba. Shekaru 'yan bindiga suka yi suna tarwatsa ƙauyukan yammacin ƙaramar hukumar, ɓangaren da ya yi iyaka da Zamfara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka katse layukan waya. A watan Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin Jibiya, mata da yara a ƙafa, bayan an janye sojojin da ke garin. Mutumin da ke kwana a ajin makaranta, katin zaɓensa ya ƙone ko ya bari a gida, ba a jin muryarsa a akwati yadda ake jin ta mai shago a bakin kasuwa. Don haka sakamakon da ake sanarwa yana iya rinjaya wajen waɗanda suke zaune lafiya. Amma ko a nan, wanda ya rasa gida ya fi kowa buƙatar wakilin da gwamna ke ɗaga wayarsa, domin buhun masara da tabarma daga can suke fitowa. Halin da ya kamata ya haifar da tawaye shi ne yake ƙara ɗaure mai ƙuri'a ga jam'iyya mai mulki. Wannan ba abin yabo ba ne ga tsarin, kuma bai kamata gwamnati ta ɗauke shi a matsayin shaidar gamsuwa ba.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne ainihin takarar kujerar Jibiya ta bar rumfar zaɓe ta koma cikin jam'iyya. Wanda ya samu tikiti ya yi rabin tafiya, tikitin kuwa daliget-daliget ne ke bayarwa, ko a yi maslaha a Katsina a turo suna. Direbobin da ke jigila zuwa Maraɗi, 'yan kasuwar hatsi da dabbobi, da matasan da ke fito a kan babura, duk suna da ƙuri'a ranar zaɓe, amma ƙalilan ne ke da ita ranar fitar da gwani. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufe Magama, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kuma babu wanda ya nemi ra'ayin majalisar Katsina kafin rufewa ko buɗewa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Jibiya, shi ma aikin tarayya ne. Sulhun da shugabannin yankin suka ƙulla da 'yan bindiga a farkon 2025 shi ne babban al'amari na farko cikin shekaru da aka yanke shawararsa a gida, kuma a kansa ne masu neman tikitin 2027 za su fi shan tambaya.