Dutsen Zagami da Hanyar Tantance Duwatsun Sama

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a wata gona kusa da Zagami a lardin Katsina. Irinsa ne Larabawa ke kira naizak, wato dutsen da ya keto sararin sama ya iso ƙasa, saɓanin shihabi, hasken da ake gani yana gilmawa da dare. Tambayar ita ce: da wace hujja ake tabbatar da asalin irin wannan dutse?

Masana kan fara da zahirinsa: baƙin ɓawon da zafin gogayya da iska ya bari, da nauyinsa, da yadda yake amsa maganaɗisu. Waɗannan alamu ne kawai, domin wasu duwatsun ƙasa ma suna jan maganaɗisu. Saboda haka sai a yanki ɓarɓashi, a goge shi har haske ya ratsa, a duba ma'adinansa a madubin ƙara girma, sannan a auna sinadaransa da shekarunsa.

Awon ya nuna cewa dutsen Zagami ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, alhali galibin duwatsun sama sun kai shekara biliyan 4.5. A 1995 kuma aka gano cewa iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbunan Viking suka auna a duniyar Mirrihu a 1976. Wannan ya ƙarfafa hukuncin cewa daga can ya fito.

Wannan manhaji ba baƙo ba ne ga magabata. Ibn Sina (ya rasu 428 H/1037 M) ya siffanta a Kitab al-Shifa wani ƙarfe da ya faɗo daga sama, wanda maƙera suka kasa sarrafawa, ya kuma dogara da shaidar wanda ya gani.

A nan ɗalibin ilimi ke da darasi. Wasu marubutan Turai sun ce Hajarul Aswad naizak ne, wasu Musulmi kuma suka riƙa maimaitawa, alhali ba a taɓa yi masa irin wannan awo ba. Matsayinsa a shari'a ya tabbata da nassi, bai rataya ga sakamakon ɗakin gwaji ba. Kamar yadda malamin hadisi ba ya karɓar ruwaya sai da isnadi, haka da'awar kimiyya ba ta tsayuwa sai da samfuri da awo.