Aljanin Tsarnawa

Motar kawuna tana jigila tsakanin Birnin Konni da Tawa. A watan Afrilun da ya sa mata amfilifaya da manyan lasifika biyu ne abin ya fara. Za a taso daga tasha kiɗa na dukan ƙirji, amma da an doshi Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke rabuwa da titin Yamai zuwa Damagaram, sai sauti ya ɗauke ɗif. Rediyo na kunne, lasifika kuwa ko tari. In an tsaya sauke fasinja a Badagishiri, sai ya dawo da kansa. Karen motar ya rantse mutanen ɓoye ne ke zaune a mararrabar, kuma ba sa son kiɗa.

Batir muka fara zargi. Aka ɗora mita inji na aiki, ta nuna bolt 14 da ɗoriya, lafiya lau. Muka koma kan wayoyi, ko girgizar hanya ce ke kwance wata. Aka ɗaure kowace tamau. Washegari a Tsarnawa, ɗif.

Bakin zaren ya fito ne ranar da muka ɗauko albasa daga Galmi. Muna hango masana'antar siminti ta Malbaza sauti ya ɗauke, alhali Tsarnawa na can gaba. Na duba agogo: kwata da tasowarmu, daidai da abin da muke ci daga Konni zuwa mararrabar. Ashe lokaci abin ke bi.

Muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Konni. Ya sa aka ƙure kiɗa, ya zauna yana kurɓar shayi. Da sautin ya mutu ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya janye da sauri. Amfilifayar ta yi zafi kamar tukunya a murhu, wata ƙaramar fitila ja tana ci a gefenta.

"Alhaji, kanta take ceto. In zafi ya yi mata yawa sai ta kashe kanta har ta huce."

Kawu ya ce, "Haba Malam, wat 3000 ke rubuce a kwalinta, lasifika kuma kowace 1000. Ai ko gumi bai kamata ta yi ba."

Dattijon ya zaro fis ɗinta, ya nuna mana lamba 20 a kansa, ya yi lissafi a bayan kwalin. Amfiya 20 sau bolt 14.4 ya ba da wat 288. Iyakar abin da zai iya shiga cikinta ke nan, kuma irin wannan amfilifayar kusan rabin wutar zafi yake zama. Lambar da za a kama ita ce wadda aka bi da RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba yankewa. Wadda aka bi da MAX ko PMPO ta jawo mai saye ce. Ya juya lasifikar, ga RMS 150 da ƙananan baƙaƙe. Wannan wasa da lambobi ya daɗe, domin tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta wajabta wa masu ƙera amfilifayar gida su bayyana ƙarfi mai ɗorewa.

Sai dai ƙaryar kwali ba ta kawo zafi. Dattijon ya bi wayoyin da yatsa har ya tsaya. Wanda ya yi haɗin farko ya gama layukan amfilifayar biyu sun koma ɗaya, abin da ake kira haɗin gada. Layi ɗaya na turawa, ɗayan na ja, ƙarfin bolt ya ninku, sauti ya ƙaru. Kuɗin da ake biya shi ne kowane layi yana ganin rabin om ɗin da aka ɗora, wato ma'aunin juriyar lasifika ga wuta, kuma duk sa'ad da om ya ragu, wutar da ake zuƙa ƙaruwa take. Lasifikan kawu kowace om 4 ce, an kuma haɗa su ja da ja, baƙa da baƙa, suka koma om 2. A kan gada, kowane layi om 1 yake fama da shi. A jikin amfilifayar kuwa an rubuta cewa a haɗin gada kada a yi ƙasa da om 4. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga sallaya da karen mota ke cusawa a kanta.

Ya warware gadar, ya ba kowace lasifika layinta, ya rage maɓallin ƙarfin shiga don kada sauti ya riƙa tsagewa ya ƙone zaren lasifika. Kiɗan ya ɗan sassauta, amma ranar mun wuce Tsarnawa da Badagishiri har Tawa bai ko yi gyatsa ba. Karen motar ya ce aljanun ƙaura suka yi.

Mai mota, kafin ka biya kuɗi, duba lambar RMS, duba fis, ka tambayi mai haɗi om nawa amfilifayarka za ta gani bayan ya gama.