Wari Ya Tafi, Guba Tana Nan Cikin Ƙasa

Manoma da yawa suna zaton da zarar warin maganin feshi ya gushe, gubarsa ma ta gushe. Ba haka abin yake ba. Akwai magungunan ƙwari da kan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru, kuma wanda ya fara ɗibarsu shi ne lebura mai wuni da fartanya a hannu.

Abin da ya faru a Gwadalup da Martinik, tsibirai biyu na Faransa a tekun Karibiyan, ya ishe mu darasi. Daga 1972 zuwa 1993 an yi ta barbaɗa wani magani mai suna chlordecone a gindin ayaba don kashe ƙwaron da ke cinta. Leburori ke barbaɗa shi, da yawansu ba safar hannu, ba abin rufe hanci. An daina amfani da shi, amma har yau yana cikin ƙasa da ruwa, yana shiga dankali da gwaza. A 2018 hukumar lafiya ta Faransa ta bayyana cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen tsibiran suna ɗauke da shi a jininsu. Sai a 2021 gwamnati ta amince a biya diyya ga ma'aikatan gona da suka kamu da sankarar furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Kada mu ce abin yana nesa. Nan Ghana an daɗe ana fesa DDT da Gammalin 20, dangin magungunan da ba sa saurin ruɓewa, kafin a hana su. 'Yan'uwanmu nawa ne daga arewa da zanguna ke ƙwadago a gonakin koko da tumatir?

Saboda haka, mai gona, hakki ne a kanka ka gaya wa leburanka abin da ka fesa da ranar da ka fesa, ka ba shi takalmin roba da safar hannu. Kai kuma ma'aikaci, kada ka shiga gona kafin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci goro ko abinci. Kada ka yi taimama ko ka kwanta inda ake dama magani. A wanke kayan aiki daban da na yara, a huda galan ɗin da ya ƙare don kada wani ya zuba ruwan sha a ciki.

Kuɗin ƙwadago na rana ɗaya ne, lafiya kuwa ta har abada ce ga iyali. Allah ya kiyaye mu.