Fatauci a Tsallaken Kwangwalam: Harshe Ɗaya, Doka Biyu

Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, gardama ba ta ƙare ba a rumfunan kasuwar Mai'aduwa da majalisun cikin garin Daura. Wasu sun ce fatauci da Nijar ya mutu, kowa ya nemi wata sana'a. Wasu kuma suka ce ai babu abin da ya canza, Nijar gida ce. Na farkon tsoro ne kawai, domin ƙasashen uku sun sanar tun a Disambar 2024 cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba. Maganar ta biyu ce ta fi damuna, don ita ce ke cinye jarin mutane cikin ruwan sanyi.

Babu mai musun cewa jinin ɗaya ne. Bayan da masu jihadi suka karɓi Daura a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya watsu zuwa Zango da Ɓaure da ƙasar da yau ake kira Magarya, har zuwa 1906 da Turawan Ingila suka ɗora Malam Musa na wannan gida kan gadon Daura. A tsakanin 1906 da 1908 ne jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba gona da mai ita, suka raba wa da ƙani. Ba'amurken nan William Miles ya zauna a 'Yardaje ta ƙasar Daura da kuma Yekuwa ta ɓangaren Magarya, ƙauyuka biyu maƙwabta, ya fitar da littafi a 1994 yana nuna yadda mulkin mallaka iri biyu ya sa mutane ɗaya suka saba da hukuma iri biyu. Abin da ya gani a ƙauye shi ne ke jiran ɗan kasuwa a kan hanyar Matamaye zuwa Damagaram.

Wanda zai je Guwanzu ta ƙasar Sin ko Dubai saro kaya yakan yi tambaya, ya nemi tafinta, ya karanta takarda sau biyu, saboda ya san shi baƙo ne. Wanda zai tsallaka iyakar Kwangwalam zuwa Nijar kuwa sai ya ɗauki hularsa kawai, don ya ji ana Hausa ana kiran salla. Sabo turken wawa. Gidan yayanka ma gidanku ne, amma sai ka yi sallama kafin ka shiga, kuma ba ka buɗe rumbunsa don kawai nono ɗaya kuka sha.

A fara da kuɗi. Sefa ba ta hannun gwamnatin Yamai ita kaɗai. Babban bankin da ke buga ta yana Dakar, ƙasashe takwas ne ke amfani da ita, kuma an ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957. Ita naira an sake ta tun Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dala a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. To, duk wanda ya ɗauki wake ko raguna bashi a sefa, ya zo ya sayar a naira, sannan ya yi wata biyu bai biya ba, caca yake yi da ribarsa ko bai sani ba. Dole a yanke tun a wurin ciniki da wane kuɗi za a biya, a kan wane canji, kuma a wace rana. Ƙidayar ma daban ce. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, kowace dala sefa biyar, saboda haka idan mai kaya ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, jaka kuwa sefa 1,000 ce. A awo ma sai a duba, domin tiyar wata kasuwa ba lalle ta yi daidai da kwanon da aka saba da shi a Daura ba.

Sai doka, inda aka fi yin sakaci. Rajistar kamfani ta Abuja ba ta buɗe maka kanti a Damagaram. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokar kasuwanci ta bai ɗaya mai suna OHADA, wadda aka rattaba wa hannu a 1993, kuma tushenta tsarin shari'ar Faransa ne. Mai son zama ya yi kasuwanci a can sai ya shiga rajistar 'yan kasuwa, ya karɓi lambar biyan haraji, ya riƙa biyan abin da ke kansa. A 2025 hukumomin Yamai sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin farin ciki ne, amma takardun duwan, wato kwastan, da na banki da na kotu da Faransanci aka saba rubuta su. Jami'in da ya gaisa da kai da Hausa mai daɗi, shi ne zai miƙo maka takardar da ba ka iya karantawa. Kada ka sa hannu sai wanda ka amince da shi ya karanta maka.

Dokar kuma tana iya juyawa dare ɗaya, daga kowane ɓangare. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A Maris na 2025 ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙasashen nasu, sannan a watan Mayu Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gab da Babbar Salla. Wanda ya loda mota bai san da wannan ba, surukinsa na Kance ta Nijar ba zai iya karɓo masa kayan da aka kama ba.

Abin mamaki, kakanninmu da ba su da rediyo sun fi mu kiyaye wannan. Falken da ya nufi Gwanja sayen goro ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye. Yakan sauka a wurin mai masauki, shi ne zai haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, ya gaya masa wanda ake yarda da shi da wanda ake gudu, ya karɓi la'adarsa. Alhazan Maraɗi da wannan amana suka gina dukiyarsu tare da abokan cinikinsu na Kano da Katsina. Ɗan kasuwar yau yana ganin la'ada asara ce, sai ya tura kuɗi ga mutumin da ya sani ta WhatsApp kaɗai. Amana tana nan da darajarta, amma a haɗa ta da shaidu da rubutu, kamar yadda addini ma ya umarta a kan bashi.

Hukumomi ma suna da nasu kason. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An sha jawabai a kan arzikin da zai kawo, amma ƙaramin ɗan kasuwa har yanzu a bakin direba yake jin sabuwar dokar Nijar, galibi bayan ta riga ta ci wani. Ga Jami'ar Sufuri a Daura, ga kwalejin fasaha ta tarayya, ga ƙananan hukumomi biyar a masarautar. Babu abin da zai gagare su wajen shirya wa matasa darasin Faransanci na kasuwa, da fassara sanarwar duwan zuwa Hausa a karanta a rediyo.

Kafin su motsa, kira nake ga shugabannin 'yan kasuwar Mai'aduwa da Zango da Ɓaure: ku zauna da takwarorinku na Matamaye da Magarya, ku riƙa sanar da juna duk dokar da ta fito. Kai kuma mai shirin tsallakawa, ka tafi da cikakkun takardunka, ka nemi mai masauki na gari, ka yi tambaya kafin ka zuba jari. Matambayi ba ya ɓata.