Injin walda na MIG yana yanke wuta? Ga inda za a duba

Masu walda da injin MIG, mai turo waya tare da gaz, sun san matsalar: wuta tana kamawa tana yankewa, tartsatsi ya yi yawa, ɗinki ya fito da ramuka. Irin wannan ɗinki kan ɓalle in amalanke ta ɗauki kaya. Kafin a kira mai gyara, a duba abu huɗu.

Na farko, mas. In an maƙala shi kan tsatsa ko fenti, kuran ba ya wucewa sosai. A goge wurin sai ya yi fari.

Na biyu, hanyar waya. Ƙurar hunturu tana toshe bututun da take bi, bakin jan ƙarfe kuma yana cinyewa. Waya mai milimita 0,8 bakin 0,8 take so.

Na uku, gaz: lita 10 zuwa 15 a minti, kuma a kare wurin daga iska.

Na huɗu, saiti. In waya tana tunkuɗar ƙarfe, a rage gudunta. In tana mannewa a baki, a ƙara.

A riƙa canza abu ɗaya-ɗaya, ana gwadawa kan guntun ƙarfe.