FILIN MANOMA: Sayen Benci da Kujerun Tik Ta Waya

Kaka ta yi, amfani ya shigo gida, kuɗi ya ɗan zauna a hannun manoma. Yanzu ne magidanta a ƙasar Gezawa ke tunanin sake bencin ƙofar gida, 'yan kasuwa na neman na bakin rumfa, masu unguwanni kuma na neman kujerun saukar baƙi. A da, mutum ya kan tafi wurin kafinta ne, ko ya shiga Kano kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, ya taɓa katako da hannunsa. Yau kuwa sai a ga hoto a Facebook ko WhatsApp, an rubuta "tik na ainihi, ba ya jin ruwa, ba ya jin gara," a aika kuɗi, a zauna jiran mota. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Ba laifi ba ne a yi shi, amma tilas mai saye ya san abin da zai tambaya kafin kuɗinsa su bar hannunsa.

Mene ne tik?

Tik itace ne na ƙasashen Indiya da Bama da Tailan. A 1902 aka fara kawo irinsa Nijeriya, aka dasa a dajin Olokemeji, tsakanin Badun da Abeokuta. A Arewa kuwa akwai shi a dajin Nimbiya, can kudancin Jihar Kaduna, inda aka fara dashe a 1957. Itace ne mai son ruwan sama da yawa, milimita 1,200 ko fiye a shekara. Na ƙasar Kano bai kai haka ba, shi ya sa ba a ganin gandunsa a nan. Duk tik ɗin da ya zo Gezawa daga kudu ya taso.

Abin da ya ba shi suna, wani maiƙo ne da Allah ya sa a cikinsa. Maiƙon nan ke hana ruwa ratsa shi, ya kuma sa gara da gunda ba su cika kula shi ba. Da shi Turawa suka daɗe suna shimfiɗa daɓen jiragen ruwa. Har wa yau ba ya yawan motsi, watau ba ya kumbura ƙwarai da damina, ba ya ƙanƙancewa ƙwarai da rani.

Zuciya da gefe

To, ga inda ake cutar mutane. Ba dukan jikin itacen ke da wannan maiƙo ba. In aka yanke gungume aka dubi bakinsa, za a ga kashi biyu. Tsakiya tana da launin zuma, ita ce zuciya. Gefe kuwa, wajen ɓawo, fari-fari ne. Zuciyar ita ce mai ƙarko. Farin gefen nan ba shi da wani bambanci da katakon banza, gara na cinsa, ruwa na ruɓar da shi.

Itacen da ya shekara 50 ko 60 kusan duk zuciya ne. Wanda aka sare yana da shekara 15 ko 20, irin na turakun lantarki, gefensa na da kauri. Saboda haka mai sayarwa na iya rantsuwa cewa tik ne, kuma bai yi ƙarya ba, amma rabin bencin farin gefe ne da aka shafe da jan fenti. Bayan damina biyu sai ƙafa ɗaya ta zube, sauran uku na nan garau.

Akwai kuma masu sayar da malaina da sunan tik. Malaina ma daga can ƙasashen Asiya aka kawo ta, sau da yawa gandu ɗaya ake dasa su. Katakonta fari ne, marar nauyi, yana da kyau a ƙofar ɗaki ko allon makaranta, amma ba na zaman waje ba ne.

Abin da za a tambaya

Hoton da aka ɗauka daga gaba, an shafe kaya da man sheƙi, ba ya nuna kome. Sai a nemi waɗannan:

Na fari, a ce ya kifa bencin ya ɗauki hoton ƙarƙashinsa da rana tsaka, domin nan ne fenti ba ya kai wa. A ga kuma tafin ƙafafu, inda zarto ya yanka. In launin zuma ne bai ɗaya, madalla. In akwai farin layi a gefe, a rage kuɗi ko a bari.

Na biyu, a tambayi awo da inci. Falankin zama kada ya gaza inci 1 bayan an kankare. Ƙafa kada ta gaza inci 2 kowane gefe. Benci mai tsawon ƙafa 6 yana bukatar dogari a tsakiya. Hoto ya kan sa siririn abu ya yi kama da kakkaura.

Na uku, a tambayi nauyi. Busasshen falankin tik mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, in ya cika awo, ya kan yi wajen kilo 18. Na malaina irinsa bai wuce kilo 13 ba ko kusa da haka. Amma a lura, ɗanyen katako ma nauyi gare shi, nauyin ruwa.

Na huɗu, a dubi haɗi. Haɗin kirki shi ne a fafe rami a jikin ƙafa, a fiƙe bakin ɗaya itacen ya shige cif, sa'an nan a danne da ƙusar itace. Wanda aka haɗa da ƙusar ƙarfe da gam kaɗai, da ƙusa ta yi tsatsa sai ya fara rangaji. In da noti a jiki, ya zama na farin ƙarfe marar tsatsa ko na tagulla.

Bushewa ita ce babbar magana

Wannan ya fi shafar mutanen ƙasar Kano. Katakon da ya bushe a Ikko ko Badun, a nan bai bushe ba, gama iskar can cike take da laima. In aka ƙera kujera a can da damina aka kawo ta nan, da hunturu ya busa sai katakon ya ci gaba da fitar da ruwa. Daga nan falanki ya tsage daga baki, haɗi ya saki. Ko tik na ainihi bai tsira daga wannan ba in ɗanye aka yi aiki da shi.

Saboda haka a tambaya: yaushe aka tsaga katakon, a ina kuma ya bushe? Wanda ya yi rani guda a jere cikin inuwa a Kano, da ƙananan itatuwa tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, shi ne abin nema. Mai haƙuri ya fi kowa riba: ya sayi katakon da kansa bayan kaka, ya jera a zaure, ya ba kafintan garinsu wajen watan Maris.

Biyan kuɗi

Kada a biya duka kafin kaya su iso. A ba da kafin alƙalami, a rubuta a saƙo irin itace da awo da ranar kawowa, da wanda zai ɗauki hasara in abu ya karye a mota. In mai sayarwa a Kano yake, Gezawa ba nisa, a tashi ɗan'uwa ko kafinta ya gano. Gani ya kori ji. Wanda ya ƙi faɗin inda rumfarsa take, a rabu da shi.

Ran da kaya suka iso, a ɗan kankare ƙarƙashi da wuƙa tun direba bai tafi ba. Zuciyar tik tana da santsin maiƙo a yatsa, da wani ƙanshi kamar na jemammiyar fata. In aka ɗiga ruwa sai ya tsaya ƙwaya-ƙwaya. A malaina ko farin gefe kuwa, nan da nan zai jiƙa.

Kiwon benci

Tik ba ya bukatar fenti. In ya sha rana ya kan koma toka-toka, wannan ba lalacewa ba ce. Sai dai a ɗora ƙafafunsa bisa dutse ko daɓen siminti, kada su zauna cikin danshi. A riƙa gusar da shi ana share ƙarƙashi, in an ga ginin gara a rushe tun yana ƙarami.

Kada kuma sunan baƙon itace ya sa a raina na gida. Kirya, wadda masassaƙa ke yin turmi da ita, ta fi tik nauyi da tauri, gara kuwa ba ta iya mata. Maɗaci ma ya kan yi benci mai kyau a ƙarƙashin rumfa. Abin baƙin ciki, duka biyu sun yi wuya a gonakinmu saboda sara ba dashe. Manomin da ya tara 'ya'yan maɗaci da rani ya shuka nan da nan, tun ba su mutu ba, ya dasa biyar a kan iyakar gona da faɗuwar damina, ya kange su daga awaki, to, jikokinsa ba za su aika kuɗi kudu neman katako ba.