Mece ce kujerar yaro ta mota?

Kujera ce ƙarama da ake kafawa a bayan mota, da bel ɗinta mai riƙe kafaɗu da ƙugun yaro. Idan aka taka birki da ƙarfi, ita ke hana shi wurguwa. Jariri yana fuskantar baya ne, domin wuyansa bai yi ƙwari ba.

A hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi cinyar uwa muka sani, amma hannu ba ya riƙe yaro a karo. A Ingila kuwa doka ce a yi amfani da kujerar har sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Masu tafiya Umra ko karatu da iyali, ku tambayi kamfanin jirgi ko zai ɗauki kujerarku, ko ku nemi hayarta tare da motar haya tun kafin ku tashi daga Kano.